Gajeriyar Tuffa Mai Jan Ciki: Daga Zaɓen Dashe Zuwa Tsinka

Tuffa mai jan ciki ba rina ta aka yi ba, kuma ba a ɗakin gwaji aka cusa mata launin ba. Gado ne. Kakarta wata tuffar daji ce ta duwatsun Asiya ta Tsakiya, wajajen Kazakistan da Kirgistan da yammacin Sin, wadda masana tsirrai ke kira Malus niedzwetzkyana. Komai nata ja ne: fure, sabon ganye, tsokar ɗan, har itacen in aka kankare ɓawo. Aibinta shi ne tsami da bauri. Shi ya sa masu haɗa iri suka shafe shekaru suna haɗa ta da tuffa mai zaƙi, har aka samu dangin Redlove da Markus Kobelt na kamfanin Lubera ya fitar a Suwizalan, irin su Era da Circe da Calypso da Odysso. Akwai kuma Baya Marisa daga Bavariya ta Jamus, da Maypole mai tsayuwa kamar sanda, wadda 'ya'yanta ƙanana ne masu tsami, sun fi dacewa da dafawa.

Abin da ya kamata mai saye ya fara ganewa shi ne jan da gajartar ba daga wuri ɗaya suka fito ba. Jan na reshen sama ne, gajarta kuwa ta gindin da aka yi masa aure da shi ce, kamar dai yadda ake yi wa mangwaro aure. Gindin da ke hana bishiya tsawo saiwarsa 'yar kaɗan ce, ba ta nisa kuma ba ta da ƙarfi. Kusan duk hidimar da za a lissafa a nan daga wannan raunin ta taso.

Tambayar farko: akwai sanyi a inda kake?

Tuffa bishiyar ƙasashen sanyi ce. Tana kakkaɓe ganye ta yi barci, kuma ba ta farkawa da kyau sai ta tara sa'o'in sanyi tsakanin digiri 0 zuwa 7 a ma'aunin Salshiyas. Yawancin ire-iren Turai suna neman sa'o'i 800 zuwa 1,000, wasu fiye da haka. A Birtaniya da Jamus da Kanada da arewacin Amurka wannan ba matsala ba ne. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram kuwa, duk tsananin hunturu ba ya kusantar wannan adadi. Bishiyar za ta iya rayuwa na ɗan lokaci, amma tohon zai riƙa fita a ƙarshen reshe kawai, sauran reshen tsirara, fure jefi-jefi, kullum tana ja baya.

A tsaunukan Jos da Mambila ana noman tuffa, amma irin mai ƙarancin buƙatar sanyi ce, kamar Anna da aka fitar a Isra'ila. Mai son gwada mai jan ciki a can, ya ɗauke ta a matsayin gwaji, ya fara da guda biyu ko uku. Dabarar da manoman Batu a tsibirin Java na Indunisiya ke yi ita ce tsige ganyen bishiya kaf da hannu bayan girbi, a tanƙwara rassan a kwance, don a tilasta wa idanun toho tsagewa. Tana taimakawa, sai dai ba kowane iri ke amsa ta ba.

Watannin da za a ambata daga nan na Birtaniya ne da ƙasashen da ke da yanayi irin nata.

Zaɓen dashe da gindi

Kada ka sayi ƙwayar iri da ake tallata a intanet da hoton jar tuffa. Ƙwayar tuffa ba ta maimaita uwarta. Abin da zai fito dogon itace ne da zai ɗauki shekaru 6 zuwa 10 kafin ya haihu, kuma wataƙila ɗan ya fito fari da tsami. Dashe mai aure za ka nema, mai takarda ɗauke da suna biyu: sunan irin da lambar gindin.

Lambobin nan masu harafin M daga cibiyar binciken East Malling da ke yankin Kent a Ingila suka samo asali. M27 shi ne mafi gajarta, bishiyar ba ta cika wuce mita 1.5 zuwa 1.8 ba, kuma tana ba da kamar kilo 5 zuwa 7 a shekara in ta girma. M9 yana kai mita 2 zuwa 2.5, yana haihuwa da wuri, yana ba da manyan 'ya'ya, shi ne manoman kasuwa suka fi amfani da shi. M26 yana kai mita 3, ya fi su jure ƙasa marar ƙarfi. MM106 ya wuce abin da za a kira gajere, sai dai in kan irin mai tsayuwar sanda ne, wanda shi gajartarsa a jininsa take.

Ga ƙaramin lambu mai ƙasa mai kyau, M9 ne zaɓin da ya fi hankali. M27 yana burge mai saye saboda ƙanƙantarsa, amma shi ne ya fi saurin tsumburewa in an yi sakaci da ruwa ko ciyawa ta rufe shi.

Dashen shekara ɗaya ko biyu ya fi babba saurin kamawa. Duba gaɓar auren, wato ɗan kumburin da ke ƙasan kara: ta warke sumul, babu tsagewa. Saiwa ta zama mai gashi da yawa, ba busasshiya ba. In a tukunya yake, zare shi ka gani, domin saiwar da ta nannaɗe kanta kamar gammo ba ta bazuwa da kyau bayan an dasa.

Wuri da dasawa

Rana ita ce ke kawo ja da zaƙi, don haka nemi inda take sauka aƙalla sa'o'i 6 a yini. Guji kwari inda sanyin asuba ke kwanciya, saboda furen da ya buɗe yana lalacewa da zarar sanyi ya kai digiri 2 ƙasa da sifiri. Guji kuma gurbin da aka cire tsohuwar tuffa, domin ƙasar wurin tana riƙe cututtukan da ke hana sabon dashe girma. Ƙasa mai ma'aunin tsami 6 zuwa 7 ake so.

Gwada shan ruwan wurin kafin komai. Haƙa rami mai zurfin santimita 40, ka cika shi da ruwa. In ka dawo washegari ka tarar da ruwa kwance, wurin zai ruɓar da saiwa. Ko ka sauya wuri, ko ka tayar da tudu mai tsayin santimita 25 zuwa 30 ka dasa a kai.

Dashen da aka tono ba ƙasa a saiwarsa ana dasa shi daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da yake barci, matuƙar ƙasa ba ta daskare ba. Na tukunya kuwa kowane lokaci, amma in da zafi ne sai an dage da ruwa. Ga yadda ake yi:

1. Jiƙa saiwar a bokiti na sa'a ɗaya zuwa biyu. Datse duk wadda ta karye.
2. Haƙa rami mai faɗin saiwar sau biyu zuwa uku, amma zurfinsa daidai da nata. Caccaka gefen ramin da cokalin haƙa don kada ya zama kamar tukunyar laka.
3. Kafa turke kafin ka sa bishiyar, don kada ka soke saiwa. Mai kaurin santimita 5, a nutsa shi santimita 60, ta ɓangaren da iska ke tasowa, ya bar tazarar santimita 8 zuwa 10 tsakaninsa da kara.
4. Tsayar da dashen yadda gaɓar aure za ta kasance santimita 10 sama da ƙasa. Ɗora sanda a bakin ramin ka auna, kada ka yi da ido.
5. Mayar da ƙasar da ka haƙo, kana girgiza dashen a hankali don ta shiga tsakanin saiwa, sannan ka danne da ƙafa ba da ƙarfi sosai ba.
6. Ɗaure da roba mai laushi, ka gitta ta tsakanin kara da turke don kada su goga. Zuba ruwa lita 15 zuwa 20.

Mataki na huɗu shi ne wanda aka fi kuskurewa, kuma illarsa ba ta bayyana sai bayan shekaru. In gaɓar ta nutse, reshen sama zai yi tasa saiwar, ya tsallake gindin, gajeriyar bishiya ta rikiɗe ta zama ƙatuwa mai jinkirin haihuwa. Ita ma busasshiyar ciyawar da ake shimfiɗawa kewaye da kara tana iya binne gaɓar a hankali, sai a riƙa dubawa.

Kada a zuba ɗanyen taki ko takin zamani a cikin rami, yana ƙona sabuwar saiwa. Ruɓaɓɓen taki a sama ake shimfiɗa shi, kaurin santimita 5 zuwa 8, a bar fili na santimita 10 kewaye da kara. Tazara tsakanin bishiyoyi: mita 1.5 ga M27, mita 2.5 ga M9, santimita 60 zuwa 90 ga masu tsayuwar sanda. A sa raga a ƙasan kara in akwai zomaye ko ɓeraye, don in suka gwaguye ɓawo ya zagaye, bishiyar ta mutu ke nan.

Turken M9 da M27 ba a cire shi har abada. Saiwarsu mai gautsi ce, bishiya ɗauke da 'ya'ya tana iya kifewa a iskar dare ɗaya. Sau biyu a shekara a sassauta ɗaurin kada ya shaƙe kara.

In a tukunya za a raine ta

A nan M27 ba shi ne gwani ba, duk da ƙanƙantarsa. Tukunyar da kanta tana takura saiwa, in aka haɗa takura biyu bishiyar sai ta raunana. M9 ko M26 sun fi. Tukunya mai faɗin santimita 45 zuwa 50 da huji a ƙasa, a cika ta da ƙasa mai nauyi irin haɗin ƙasar tukunya na John Innes mai lamba 3, a ɗaga ta kan bulo don ruwa ya fita. Da zafi kullum sai an ba ta ruwa, wani lokacin safe da yamma. Daga Afrilu zuwa Agusta a ba ta takin ruwa mai yawan fotash, irin na tumatir, duk mako biyu. Duk shekara biyu a zare ta lokacin barci, a rage kamar kashi ɗaya cikin huɗu na saiwar, a sabunta ƙasa. In sanyi ya tsananta a naɗe tukunyar da buhu, amma kada a shigar da ita ɗaki mai ɗumi, barcin nata zai lalace.

Ruwa, ciyawa da taki

A shekaru biyu na farko, lita 15 zuwa 20 sau ɗaya a mako in babu ruwan sama. Ruwa mai yawa lokaci guda ya fi yayyafi kullum, domin yayyafi yana jawo saiwa sama. Ko bishiyar ta girma, kada a bar ta da ƙishi daga faɗuwar fure zuwa nunar 'ya'ya.

Kewayen da ya kai mita ɗaya a faɗi ya zauna babu ciyawa ko ɗaya. Ciyawar fili tana ƙwace ruwa da abinci fiye da yadda ake zato, kuma ita ce sababin yawancin gajerun tuffa da ake gani sun tsaya cak shekara da shekaru. A cire da hannu, fartanya tana yanke saiwar da ke sama.

Taki sau ɗaya a ƙarshen Fabrairu: giram 70 zuwa 100 na mai lamba 7-7-7 a kowane murabba'in mita ƙarƙashin rassa. In 15-15-15 ne a hannu, rabin haka. Reshe shi ne ma'auni. In sabon toho yana ƙara santimita 20 zuwa 30 a shekara, abinci ya isa. In yana zarce rabin mita da ganye kore shar, naitrojin ya yi yawa, kuma sakamakonsa inuwa, dusasshen launi, da 'ya'yan da ba sa ajiyuwa.

Barbara da rage 'ya'ya

Furen waɗannan ire-iren ja ne mai duhu, yana buɗewa a Afrilu zuwa farkon Mayu. Tuffa ba ta cika ɗaukar ciki da garin furenta ba, tana buƙatar wani irin dabam da ke fure lokaci ɗaya, kusa yadda ƙudan zuma zai yi zirga-zirga, kamar mita 15 zuwa 20. Bishiya biyu masu suna ɗaya ba su biya buƙata ba. Tuffar ado irin Evereste ko Golden Hornet tana yin aikin sosai. Irin tuffar da ake kira Bramley kuwa garin furenta ba ya amfanar kowa. Kada a fesa maganin ƙwari lokacin fure.

A shekarar farko tsige furen duka. Da wuya a zuciya, amma ɗan da dashe ya ɗauka kafin ya kafu, daga jikinsa yake biya. A shekara ta biyu a bar kaɗan, biyar ko shida.

Daga nan sai aikin da ya fi kowanne tasiri a kan ɗanɗano. A watan Yuni bishiyar tana zubar da wasu ƙananan 'ya'ya da kanta. Bayan wannan, lokacin da sauran suka kai girman goro, bi kowane gungu da almakashi ka bar ɗaya, ko biyu in reshen mai ƙarfi ne, da tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakani. Fara cire masu tabo da karkatattu. Gajeriyar bishiya ganyenta ƙidayayye ne, kuma ganyen ne ke haɗa sukari da launi. In ɗa ya yi yawa sai kowanne ya fito ƙarami, mai tsami, cikinsa fari-fari. Bayan haka bishiyar da ta yi lodi bana takan huta baɗi, ta faɗa cikin haihuwar shekara ɗaya da hutun shekara ɗaya, abin da ke da wuyar gyarawa in ya zauna.

Aski

Ƙa'ida guda ce ke tafiyar da shi: askin lokacin barci yana tunzura toho, askin ƙarshen Agusta yana kwantar da shi. Mai son gajeriyar bishiya da ya yi ta sara da sanyi, zai tarar ta amsa masa da dogayen bulalai marasa fure.

Siffar da ta fi dacewa da M9 ita ce kara ɗaya a tsakiya da rassa a kwance, ƙasa da faɗi sama da tsini. In dashen sanda ne ba reshe, datse shi a tsayin santimita 75 zuwa 90, saman ido. In yana da rassa, zaɓi uku ko huɗu da suka fuskanci ɓangarori dabam-dabam daga santimita 60 zuwa sama, ka cire na ƙasa da su. A watan Agusta ɗaura musu igiya ka ja su ƙasa har su kusa kwanciya. Reshen da ke tsaye ganye yake yi, wanda ya kwanta shi ke yin idon fure. Bayan 'yan watanni itacen zai sandare a haka, sai a kwance igiyar.

Kowace shekara tsakanin Disamba da farkon Maris, cire matacce, da mai ciwo, da wanda ke gogar ɗan'uwansa, da duk reshen sama da kaurinsa ya wuce rabin karan tsakiya. Kada abin da aka cire ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na rassan. Koyi bambanta ido: na fure mai ƙiba ne da gashi-gashi, na ganye siriri ne manne da reshe. Duk tohon da ya fito ƙasa da gaɓar aure na gindi ne, a fizge shi tun yana ɗanye.

A ƙarshen Agusta, sabbin rassan da suka fito daga babban reshe suka wuce santimita 20 a rage su zuwa ganye uku sama da gungun ganyen tushe. Waɗanda suka fito daga ƙaramin reshe, ganye ɗaya. Wannan yana buɗe wa 'ya'ya rana a makonnin da launi ke shiga. Mai tsayuwar sanda wannan askin kaɗai take buƙata, kuma ba a taɓa kanta sai ta kai tsayin da ake so.

Abin da ke ɓata ta

Ƙazwar tuffa tana fitowa da baƙaƙen tabo a ganye da ɗa, musamman in aka yi ruwa da yawa a Afrilu da Mayu. An fitar da dangin Redlove da juriyarta, amma duk da haka a share ganyen da ya zuba, don a cikinsa take kwana. Farar fumfuna tana kama sabon toho ya yi kamar an barbaɗa masa gari, ƙishi yana ƙara ta, a datse kan da ya kamu. Gyambon reshe wuri ne da ɓawo ke lotsawa ya tsattsage, ya fi yawa a ƙasa mai riƙe ruwa, a yanke har zuwa lafiyayyen itace a ranar da babu ruwa.

Mafi haɗari ita ce ƙunar reshe, ta ƙwayar bakteriya: fure da ganye su yi baƙi kamar wuta ta lashe su, kan reshe ya lanƙwashe kamar ƙugiya. M9 da M26 ba sa jure ta. Yanke santimita 30 ƙasa da inda ciwon ya tsaya, 60 a babban reshe, a goge almakashi da sifirit bayan kowane yanka, a ƙona abin da aka cire. A lura, itacen wannan tuffa ja ne tun asali, kada a ɗauki jan da aka gani ƙarƙashin ɓawo a matsayin ciwo. Launin ruwan ƙasa mai danshi shi ne alama.

Darɓa tana nannaɗe sabon ganye, wata kuma tana taruwa a ɓawo kamar auduga. A ƙaramar bishiya yatsa da burushi da ruwan sabulu sun isa in an fara da wuri. Tsutsar cikin tuffa ɗiyar wani ƙaramin malam-buɗe-littafin dare ce. A rataye tarkon ƙamshi mai jawo ƙwaron daga tsakiyar Mayu, a ɗaura kwali mai ramuka a kara a watan Yuli don tsutsar ta ɓuya ciki, a cire a ƙona bayan girbi, a kuma kwashe duk ɗan da ya faɗi.

In ɗa ya fito da ƙananan lotsattsun ɗigo, tsokar ƙarƙashinsu busasshiya mai ɗaci, ba cuta ba ce. Kalsiyam ne bai isa ɗan ba, galibi saboda ruwa yau akwai gobe babu, ko naitrojin ya yi yawa. Daidaita ban ruwa shi ne magani na farko.

Tsinka da ajiya

Launi yana yaudara a nan. Ɓawon ja ne tun ɗan yana ƙarami, shi ya sa da yawa suke tsinka da wuri su ce irin tsami ne da shi. Circe takan nuna a Agusta, Era a Satumba, Odysso sai wajen farkon Oktoba, amma shekara da wuri suna matsar da lokacin. Tallabi ɗan a tafin hannu, ka ɗaga ka ɗan murɗa. In ya rabu da reshe da sandarsa ba gardama, ya yi. Yanka ɗaya ka duba: ƙwaya ta yi duhu, ɗanɗanon gari ya tafi. Na ɓangaren rana suna riga na ciki, don haka tsinka sau biyu ko uku ake yi cikin kwana goma.

Jan ciki ba ya zama iri ɗaya kowace shekara. Rana da yini da sanyin dare suna ƙara shi, dare mai ɗumi da inuwa suna dusashe shi. Farin zobe ko zane a tsakiyar tsokar halinta ne, ba aibi ba.

Mako ɗaya ko biyu a wuri mai sanyi yana sassauta tsamin. Don ajiya, zaɓi marasa rauni masu sanda, a sa a ledar da aka huhhuda, a firji mai digiri 3 zuwa 4. Duk mako biyu a yanka ɗaya, domin wasu masu jan ciki sukan yi ruwan ƙasa daga ciki alhali bayansu lafiya lau. Da an ga alamar haka, a matse sauran a yi lemo, ko a dafa, ko a yanyanka sirara a busar. Jan yana zama a duka ukun.